Shinkafar da Ta Kusa Kayar da 'Yata Zaɓe a London

Tun da na dawo daga London ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a Islamiyya a tare ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce wai da gaske ne a can ana zaɓe ba a ko ɗaga murya? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya ƙara gishiri. Shekaranjiya ma na ji an ce wai 'yan sandan Ingila sun tsare ni. Ba wanda ya tsare ni. Abin da ya faru ya fi wannan nauyi a wurina, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga tushe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohuwar malamar firamare ce a nan Kano, kuma na daɗe ina shugabar matan jam'iyya a mazaɓarmu. Kansilolin da suka hau kujera ta hannuna suna da yawa, wasu ma yanzu in sun gan ni sai su ɗaga gilashin mota. Na san gidan da ake shiga da sabulu, na san wanda ake shiga da atamfa, na san wanda gaisuwar mutuwa kaɗai ta ishe shi. Siyasa dai ba a koya mini ita, haka nake gani kafin in hau jirgi.

Wadda na je wurinta 'yata ce ta fari. Kun san yadda muke da ɗan fari. Tun ranar da aka yanka mata rago ban taɓa kiran sunanta ba. Yayar mahaifinta, wadda muke kira Goggo, ita ta yaye ta ta riƙe ta, don haka 'Yar Goggo nake ce mata, ko kuma in ce ke. Ban taɓa yabonta a gaban mutane ba. Ko ta ɗaya ta zo a makaranta, sai in kau da kai in shiga kicin in dafa abin da ta fi so, ita ma ta san da haka muke magana. Ta yi aure ta bi mijinta London, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ranar da ta kira ni ta ce jam'iyyarta ta tsayar da ita takarar kansila a unguwarsu, na ce Allah ya sa alheri, na kashe wayar, sannan na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na yi shiri irin na wadda ta san aikinta. Na sa aka buga mini atamfa mai hotonta a jiki, na sayi kilishi da dambun nama, na ɗaure kuka da kuɓewa da yaji, na zuba daddawa a wani kwanon samira mai murfi da na daɗe ina ji da shi. Ku riƙe kwanon nan a ranku, zai dawo. Mota ta kai ni Abuja, direban kuwa tun daga Kwanar Ɗangora yake gaya mini yadda zai gyara ƙasar nan in aka ba shi, alhali birkinsa ma bai gyara ba. A jirgi sanyi ya hana ni sakat, abincin da aka kawo kuma na duba na duba ban ga inda aka sa gishiri ba.

Jami'in shige da ficen da na faɗa hannunsa a London mai rawani ne da gemu har ƙirji. Na yi murna, na rangaɗa masa sallama har da tambayar iyali, ashe ba Musulmi ba ne, wani addini ne na mutanen Indiya. Ya yi murmushi ya buga mini hatimi. A wurin kwastan ne aka yi mini ta'asa. Wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi, aka buɗe, aka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, kilishina da dambuna suka tafi ina kallo. Matar ta ɗaga murfin kwanon daddawa, ta ja da baya, ta mayar da murfin da sauri ta ce in wuce da abina.

Surukina, Baban Hanif, shi ya tarye ni. Ɗan jarida ne, yana aiki a wani gidan rediyon Hausa a unguwar Marylebone. A cikin jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari ya yi mini bayanin zaɓen. Ya ce a da, mutanen ƙaramar hukumarsu kansiloli kawai suke zaɓa. Kansilolin su shiga ɗaki su rufe ƙofa su fitar da shugaba a cikinsu, shi zai riƙe gidajen hayar hukuma, da suke ce wa gidajen council, da shara da tituna, alhali yawancin mutanen gari ko sunansa ba su sani ba. Akwai wani kuma da ake kira magajin gari, amma na ado ne, sarƙa ake rataya masa ya je buɗe makaranta. Mutane suka gaji, aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ce daga yanzu jama'a za su zaɓi magajin gari da hannunsu, mai cikakken iko. Wannan ne karo na farko, kuma rana ɗaya za a yi shi da na kansiloli.

Na ce au, sai yanzu suka waye? Mu ai tun 'Yar Goggo ba ta shiga firamare ba muke zaɓen ciyaman da hannunmu.

"Hajiya," in ji shi, "ku kuke zaɓa, ko gwamna ke zaɓa ku dangwala?"

Na ce ya kiyaye ni. Ɗan jarida ko kunyar suruka ba ya ji. Shi kuma aikinsa ya hana shi sa baki a takarar matarsa, ko takarda ɗaya ba zai miƙa wa wani ba.

Gidansu a saman bene yake, flat suke ce masa, kuma duk faɗinsa bai kai tsakar gidana ba. Jikokina biyu suna jin Hausa sarai, amma in na ce zo nan da Turanci za su amsa. Rana ta ƙi faɗuwa da wuri, na rasa gane la'asar da magariba sai da aka liƙa mini lokutan salla a jikin firji. Ran da na fara soya albasa wata na'ura a rufin kicin ta ɗauki ihu, wai hayaƙi ta ji, har maƙwabciya ta leƙo. Abincin ranarsu kuwa burodi ne mai sanyi da ganye a tsakiya, a ci a tsaye. Na kalli 'yata ta rame don yawo, na ce a raina wannan ƙasa ba ta san darajar ɗan takara ba.

Da na kwance atamfar nan mai hoto, 'Yar Goggo ta yi dariya har da hawaye, ta rungume turmi ɗaya, sannan ta tattara su duka ta cusa a saman durowa. Ta ce, "Umma, a nan doka ta hana a ba mai zaɓe kyauta. Ko an ci zaɓe sai a yi cancel ɗinsa." Na ji, na kuma yarda. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Abin da na fahimta da kyauta shi ne kuɗi da atamfa da sabulu.

Mazaɓarsu kujerar kansila uku ce. Biyu kowa ya san masu su. Ta ukun ake kokawa a kai, tsakanin 'yata da wani kansila na ɗaya jam'iyyar, Mista Denis, wanda ya daɗe a wurin har ana cewa tare aka sassaƙa shi da kujerar. Yana cikin masu shiga ɗaki su rufe ƙofa, kuma ya yaƙi maganar zaɓen magajin gari iya ƙarfinsa. Ban san fuskarsa ba, don a can ba a lulluɓe bango da fosta. Ita kuma 'yata abin da ya fito da ita, yaran da take gani a asibiti da tari saboda damshin bangon gidajen council. Ta goyi bayan sabon tsarin, amma ta ce in aka tara iko a hannun mutum ɗaya, dole a sami kansilan da zai kalle shi cikin ido. Wannan kam ba sai an gaya mini ba. Na taɓa ciyar da wani har ya zama ciyaman, bayan rantsuwa sai ga ni a benci a ƙofar ofishinsa.

Yaƙin neman zaɓensu ba kiɗa ba jiniya. Ƙofa-ƙofa ake bi ana ƙwanƙwasawa, a miƙa 'yar takarda mai sunayen 'yan takara, a tambayi mutum abin da ke damunsa. Wani ya saurara, wani ya rufe ƙofa kana cikin magana. A nan na yi ƙawa, Sista Rifkatu, mutuniyar Kafanchan, Kirista, abokiyar aikin 'yata, wadda take tasowa tun daga unguwar Abbey Wood in ta tashi aiki don ta taya ta yawo. Ita ta kai ni taron da aka yi a zauren wani coci, inda masu neman magajin gari suka jeru a kujerun roba, wata tsohuwa mai sanda ta tsare su da faɗa a kan kwandon shararta, suna ba ta haƙuri. Can sai 'Yar Goggo ta miƙe. Ɗan takarar jam'iyyarta ta fuskanta, ba na hamayya ba, ta tambaye shi wa zai iya tsawata masa in ya hau ya ƙi gyara gidajen nan. Zauren ya ɗauki tafi. Rifkatu ta dafa ni ta ce, "Hajiya, kin haifi 'ya." Na sunkuyar da kai na gyara mayafi. Alfahari ya cika ni, amma bakina ba shi da hanyar faɗa.

Hanyar da na sani ita na bi. Ana jibi zaɓe, da kowa ya fita, na ɗora manyan tukwane na yi dafa-duka da kaza, na sa daddawata da yajina, na buɗe taga saboda na'urar nan mai tsegumi. Na zuzzuba a robobi, na ɗora 'yar takardar zaɓe a kan kowane murfi don kada su manta gidan da abincin ya fito. Na loda a keken cefane na bi layinsu da na bayansa. A wurina wannan ba kyauta ba ce, maƙwabtaka ce. Ko a gida ba na dafa kaza maƙwabta su ji ƙamshi kawai.

A ƙarshen layin na ga wani dattijon Bature sanye da silifas da tsohuwar rigar sanyi, yana wanke kwandon shara a ƙofar wani ɗan ƙaramin gida mai koriyar ƙofa. Ya ba ni tausayi, na ce wannan ba shi da mai dafa masa. Robobi sun ƙare, kuma dama babba ba a ba shi abinci a roba. Na koma na wanke kwanon samirata, na cika shi, na zaɓo masa cinya, na ɗora takarda a kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya karanta takardar a hankali, ya dube ni ta saman tabarau. Na haɗa Turancina na makarantar horon malamai na ce masa ranar Alhamis kada ya manta. Ya ce ba zai manta ba.

Da yamma 'Yar Goggo ta dawo tana cire takalmi, sai saƙo ya shigo wayarta. Wata maƙwabciya ce ta turo hoton roba da takarda a kan murfi, tana godiya. Na ga yarinyar nan ta zame ta zauna a ƙasa. Ta tambaye ni gidajen da na shiga, na lissafa mata da jin daɗina, har na ce akwai wani dattijo abin tausayi mai koriyar ƙofa. Baban Hanif ya ɗora hannu a ka. Shi ne Mista Denis.

Na ce ba zai yiwu ba. Kansila mai shekaru a kan mulki, ba mota, ba yara a ƙofar gida, shi ke wanke kwandon shararsa? Suka ce shi ne. Kuma a dokarsu, ba wa mai zaɓe ci ko sha don ya zaɓi wani laifi ne mai suna, ana iya kai shi ga 'yan sanda, ana iya ƙwace kujera a kansa ko bayan an ci. Ni kuwa na ɗauki shaidar da hannuna na kai wa abokin hamayya har gida, da cinyar kaza a kai. Garin neman gira na tashi tsokane ido.

Na kawo shawara irin tamu. Na ce a yi shiru, in an tambaya a ce sadakar marigayi mahaifinta ce, ko a nemo wani babba ya je ya roƙi mutumin a asirce. Ba ta yi mini tsawa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Umma, na tsaya ne don a daina yin abu a bayan ƙofa. Ba zan fara da ɓoye nawa ba." Ta kira ejan ɗinta mai kula da takararta, wata Baturiya mai furfura, ta gaya mata komai, ita kuma ta sanar da ofishin zaɓe tun kafin kowa ya kai ƙara. Amsar da aka ba su ita ce an ji, amma in wani ya shigar da ƙorafi maganar za ta wuce hannunsu. Ejan ta ce abin da ya rage shi ne a bi gidajen a karɓo abin da za a iya karɓowa, a gaya wa kowa abincin nan ba daga 'yar takara ya fito ba, kuma ba a bin kowa ƙuri'a a kansa.

A karɓo abinci. Ni da tun ina yarinya aka koya mini mai kyauta ya karɓe ba ya da maraba da wanda ya yi amai ya lashe. 'Yar Goggo ta ce ita za ta je. Na ce a'a, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da safe muka fita ni da Rifkatu, tana yi mini tafinta inda Turancina ya gaza. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Wata Baturkiya ta ce 'ya'yanta sun cinye, ta kawo robar a wanke tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Wani baƙin mutum ɗan Jamaika ya yi dariya har ya riƙe ƙofa, ya ce shi ko ba shinkafa ba ya zaɓen kowa. Wata Bahaushiyar Gana ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, shinkafa ya riga ya shiga ciki, yaya zan fito da shi?" A kowace ƙofa na faɗi abin da aka ce in faɗa, cewa ni na yi, 'yata ba ta sani ba, kowa ya zaɓi wanda ransa ya so.

Koriyar ƙofa muka bari ƙarshe. Mista Denis ya buɗe, ya saurare ni har na gama ba tare da ya katse ni ba. Sannan ya ɗauko takardar daga aljihu ya ce sunaye uku ne a kanta, biyu mata, wacce ce 'yar tawa? Rifkatu ta buɗe baki za ta amsa, ya ɗaga mata hannu, ya ce uwar yake tambaya.

Bai san abin da ya nema ba. Rifkatu ta sani, don na ga ta dube ni ta kau da kai. Na tsaya a ƙofar Baturen nan, na tuna Goggo a gida, na tuna mahaifiyata da duk matan da suka mutu ba su taɓa kiran sunan ɗan farinsu ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Zulaihatu. Zulaihatu ce 'yata. Ita ce ta fari."

Ya gyaɗa kai ya maimaita sunan daidai. Na ce to a ba ni kwanona. Ya ce bai gama da shi ba tukuna, zai yi tunani a kan maganar. Ya yi mana sallama cikin ladabi ya rufe ƙofa. A hanya abu ɗaya ni da Rifkatu muke tunani: ya riƙe kwanon ne don shaida.

Ranar zaɓe ba hutu, ba a hana zirga-zirga ba, ban ga soja ko ɗaya ba. Rumfar zaɓen wani ɗakin taro ne a gefen makaranta. Mutum ya biyo a hanyarsa ta zuwa aiki, ya ɗaure karensa a waje, ya shiga. Takarda biyu ake ba shi, ta magajin gari da ta kansiloli, ya yi alama da fensir, ba tawada a yatsa. Ni baƙuwa ba ni da ƙuri'a, sai na zauna a wani benci daga nesa ina jan carbi, hannuna babu ko alawa. Na ga Mista Denis ya zo a ƙafa, ya hango ni, ya taɓa hularsa ya shige.

Washegari da hantsi aka yi ƙirga a wani babban zauren wasanni, ni ma an samo mini izinin shiga. Tebura ne a jere, ma'aikata suna ware takardu, wakilan jam'iyyu suna tsaye a kansu ba mai taɓa komai. Na magajin gari aka fara faɗa, kuma ɗan jam'iyyar su Mista Denis ne ya ci. Na ce shi ke nan sun yi sak. Rifkatu ta ce in dakata, mutanen nan sun iya ba wannan jam'iyya sama su ba waccan ƙasa. Na ce ashe har nan ana cin wake da shinkafa.

Da aka zo kan mazaɓarsu, 'yan takara suka hau dandamali suka jeru, 'yata da farin mayafinta a tsakiyar Turawa. Jami'in zaɓe ya karanto sunaye da ƙuri'u. Ban riƙe lissafin ba, na dai ga Rifkatu ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Zulaihatu ta ɗauki kujera ta uku, da 'yar tazarar da ba ta taka kara ta karya ba, Mista Denis ya faɗi. Mutanenmu suka yi ta tafi. Ni ban iya murna ba, don na san yanzu ne mutumin nan yake da dalilin kai ƙara. A gida, wanda ya faɗi da ƙaramar tazara kuma yana riƙe da shaida, ko ruwa ba ya tsayawa sha kafin ya isa kotu.

Sai ga shi ya sauko ya nufo mu, da wata jakar yadi a hannu. Ya fara miƙa wa 'yata gaisuwa, ya ce mata ya ƙi tsarin nan na magajin gari don yana tsoron mutum ɗaya da iko mai yawa, ko da ɗan jam'iyyarsa ne, yanzu kuma aikin sa masa ido ya dawo wuyanta, kada ta yi masa da sauƙi. Sannan ya juyo gare ni ya zaro kwanon samirata, an wanke shi yana ƙyalli. Da na karɓa na ji nauyi. Na ɗaga murfi, biskit ne a ciki, irin na gida, wasu ma sun ɗan ƙone a gefe. Ya ce mahaifiyarsa ta koya masa ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Ashe su ma sun san wannan.

Rifkatu ta fassara mini sauran, don kunnena ya daina ɗaukar Turanci. Ya ce ya cinye shinkafar tas, yaji ya sa shi hawaye, kuma duk da haka kansa ya zaɓa, saboda haka a iya saninsa ba ta sayi komai ba. Ya ce ya ɗauki waya a daren farko don ya kai ƙara, amma da ya ji yarinyar ta riga shi kai kanta, kuma ga uwarta a ƙofarsa da safe, sai ya ajiye. Ya rage murya ya ce yanzu da zaɓe ya wuce, doka ba ta hana a ƙara masa ba.

A nan ne na yi abin da ake ta yaɗawa. Na ajiye kwanon a kan teburin ƙirga, na rangaɗa guɗa a tsakiyar zauren nan har masu gadi suka waiwayo. Na kama 'yata a gaban Turawa da baƙaƙe na ce, "Zulaihatu, Allah ya yi miki albarka. Kin fi ni iya siyasa." Ta sa fuska a kafaɗata tana kuka, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Rifkatu ba ta gaya mata abin da ya faru a koriyar ƙofa ba.

Ranar Asabar na sake ɗora tukwane, layin nan kaf suka zo, Mista Denis ya zo da kwanonsa na kansa da kwalbar ruwa saboda yaji. Atamfar mai hoto ma ta sauko daga saman durowa, Rifkatu ta ɗaura ɗaya, Baturkiyar nan ta ce za ta yi labule da tata. Har gobe ban yarda abinci cin hanci ne ba, wannan ra'ayina ne kuma da shi zan mutu. Amma na ga ƙasar da ake kayar da mutum ya kawo maka biskit, na kuma ga 'yar da na haifa ta zaɓi ta rasa kujera da ta ɓoye gaskiya. Ina alfahari da ita, kuma yanzu ina faɗa da bakina.

Da na dawo, gidan Goggo na fara zuwa, ita da ta riƙe ta. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Mata sun cika ɗakin ana yi mini barka da hanya. Goggo ta ce, "To, ya kika baro 'yar tawa?"

Na ce, "Kansila Zulaihatu tana gaishe ki."

Wata ta rufe baki da mayafi. Goggo ta daɗe tana kallon inda muryata ta fito, sannan ta ce in matso kusa in sake faɗa, ba ta ji da kyau ba. Na san ta ji. Na matsa na sake faɗa.